Daga Macijin Nokia Zuwa Godot: Da Wane Kayan Aiki Ɗan Jega Zai Fara Haɗa Gem?

 Ga rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba. Yau tarihi za mu taɓa, amma bari in fara da abin da ya jawo maganar.

Ina da wani ƙane a Maiyama, ɗan ƙanwar mahaifiyata ne. Ya gama sakandare, yana jiran samun gurbin karatu. Rani guda ya yi yana aikin albasa a fadama, tun daga dashe har cira, ya tara 'yan kuɗinsa. Kwanaki ya same ni a Jega, ya miƙo mini waya ya ce: "Yaya, gem nika son in koyi haɗawa. Ga laftof ɗin da anka ce sai da ita. Kuɗina ba su kai ba, amma Inna ta ce in ta kwashi adashe za ta cika man."

Da na ga farashin sai da gabana ya faɗi. Wahalar rani guda da adashen uwa za su tafi a kan na'ura ɗaya, don kawai wani mutum a YouTube, wanda ba a taɓa ɗauke masa wuta yana tsakiyar aiki ba, ya ce da ita ake farawa.

Ban yi masa faɗa ba, don ni ma na taɓa faɗa wa wannan ramin. Lokacin ina ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ina da wata tsohuwar laftof mai RAM gigabayit 4. Na ji an ce akwai wani babban inji da manyan kamfanoni suke haɗa gem da shi. Ba zan kama sunansa ba, don laifin nawa ne, ba nasa ba. Dare uku na yi ina sauke shi da datar dare, ina gyangyaɗi ina farkawa. Da ya gama sauka na buɗe shi, sai fankar laftof ta fara ƙara kamar injin markaɗe, daga nan komai ya daskare. Maimakon in koma wa ƙaramin abu, sai na shiga wani zauren WhatsApp muka shekara muna musun wane inji ya fi wani. Shekara cur, kuma a cikinmu babu wanda ya fitar da gem ko ɗaya.

To shi ya sa na ce wa ƙanen nan ya riƙe kuɗinsa tukuna, mu zauna mu duba yadda waɗanda suka riga mu suka fara. Abin da na faɗa masa shi zan faɗa muku.

ZAMANIN DA BABU INJI

A shekarar 1958, a wata cibiyar binciken kimiyya da ake kira Brookhaven a jihar New York ta Amurka, wani masanin kimiyya William Higinbotham ya haɗa wasan ƙwallon tanis don baƙi masu zuwa ziyara. Allon da ya yi amfani da shi ba na talabijin ba ne, na'urar auna motsin lantarki ce. A 1962 Steve Russell da abokansa suka haɗa Spacewar a jami'ar MIT, a kan kwamfutar PDP-1. A 1972 kamfanin Atari ya fitar da Pong, wanda Allan Alcorn ya haɗa. Wannan ma ko layin kod ɗaya babu a cikinsa, da wayoyi da ƙananan sassan lantarki aka gina dokokin wasan.

A 1977 Atari 2600 ya fito, na'urar gem ta gida. RAM ɗinta bayit 128 ne. Ku lura, ban ce gigabayit ba, ban ce megabayit ba, bayit na ce. Saƙon tes guda ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, wato saƙon da kake tura wa abokinka ya fi ƙarfin wannan ma'ajiyar. Amma da ita aka yi ɗaruruwan wasanni.

A tsakiyar shekarun 1980, a birnin Mosko, Alexey Pajitnov ya haɗa Tetris a kan kwamfutar Electronika 60. Kwamfutar ba ta iya nuna hoto, rubutu kawai take nunawa, sai ya jera alamomin rubutu suka zama tubalan da ke faɗowa. A 1985 Nintendo ya fitar da Super Mario Bros, kuma duka wasan, da kiɗansa da matakansa, kilobayit 40 ne. Hoto ɗaya da ka tura a WhatsApp yakan fi shi nauyi. Saboda ƙarancin wuri, gajimaren da ke sama da ciyayin da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka canja. Duk wanda ya buga Mario a gem ɗin kaset mai haɗawa da talabijin, ya koma ya duba, zai gani.

A wancan zamanin yawancin wasanni daga tushe ake gina su. Mai haɗawa shi zai rubuta yadda za a zana hoto, yadda za a fitar da sauti, yadda na'ura za ta gane an danna maɓalli.

TO MENE NE INJI?

Kowane gem, daga Snake har Free Fire, zagaye ɗaya yake maimaitawa. Ya duba me ɗan wasa ya danna, ya lissafa me ya canja, ya zana sabon hoto, ya sake komawa farko. Yakan yi haka sau 30 ko 60 a daƙiƙa guda, shi ya sa ido yake ganin kamar motsi ne. Inji shi ne manhajar da ta riga ta ɗauke maka wannan aikin na zane da sauti da karo da faɗuwa, kai kuma ka kawo dokoki da labari da hotuna.

Akwai kuma ƙaninsa da ake kira firemwok, ni ina ce masa ƙwarangwal. Inji kamar shago ne da aka gina aka sa masa ƙofa da kanta, kai dai ka zuba kaya. Ƙwarangwal kuwa tubali da siminti aka ba ka, ginin naka ne. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi koya maka yadda abubuwa ke aiki, amma ya fi cin lokaci.

Wannan rabuwar tsakanin inji da wasa ta fito fili ne da Doom, wanda kamfanin id Software ya fitar a Disamba 1993. John Carmack ya rubuta injin daban, aka ajiye hotuna da matakai a wasu fayiloli daban. Sai ya zama wani zai iya canja matakan bai taɓa injin ba. Wani kamfani, Raven Software, ya karɓi lasisin injin ya yi nasa wasan, Heretic, a 1994. A 1997 id Software ya saki kod ɗin Doom kowa ya karanta. A 1998 kamfanin Epic, ƙarƙashin Tim Sweeney, ya fitar da Unreal. Sai dai a lokacin lasisin irin waɗannan injuna dubban ɗaruruwan daloli ne. Kamfani ke saya, ba ɗalibi ba.

YADDA ABIN YA ISO MANA

Mu nan yawancinmu ba ta kwamfuta muka fara sanin gem ba. A 1997 wani injiniya ɗan ƙasar Finland, Taneli Armanto, ya sa Snake a wayar Nokia 6110. A 2000 Nokia 3310 ta fito da Snake II. A 2001 layukan GSM suka fara aiki a Nijeriya. Mu da muka taso bayan nan, wa ya manta satar wayar Baba don a buga maciji, a mayar kafin ya idar da sallah? Daga baya wasannin Java suka zo, muna sauke su daga Waptrick muna tura wa juna ta Bluetooth. Sai gidajen gem na PlayStation 2, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo, janareta na ƙara a waje.

Duk tsawon wannan lokacin mu 'yan kallo ne da 'yan bugawa. Ni dai ban taɓa jin wani ya ce mana mutum ne ya zauna ya rubuta macijin nan ba, kuma kai ma za ka iya.

A daidai wannan lokacin ne kuma ƙofa take buɗewa a waje. A 1999 wani malamin jami'a a ƙasar Holan, Mark Overmars, ya fitar da manhajar da ta zama GameMaker, wadda ake haɗa wasa da ita ta jawo abu a ajiye. A 2000 Pygame ya fito don masu yaren Python. A 2005 wasu matasa uku a birnin Copenhagen na Denmark, David Helgason da Joachim Ante da Nicholas Francis, suka fitar da wasa mai suna GooBall. Wasan bai yi kasuwa ba, sai suka koma sayar da kayan aikin da suka gina shi da su. Wannan shi ne Unity, kuma a 2009 suka fitar da samfurin kyauta. A 2007 MIT ta fitar da Scratch don yara. A 2014 wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka saki injinsu Godot a buɗe, kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara. A 2015 Epic ya mayar da Unreal kyauta, sai in ka samu kuɗi ka ba su kaso.

Wato cikin shekara kamar ashirin, abin da sai kamfani ke iya saya ya dawo abin da yaro a Aliero zai sauke a wayarsa ko laftof ɗinsa.

KAYAN ARO

Amma akwai darasi na biyu a tarihin nan, kuma Bahaushe ya riga ya faɗe shi: kayan aro ba ya rufe katara.

A shekarun 2000, dubban matasa a duniya sun koyi haɗa wasanni da Flash, ana buga su a burauza. A 2010 Steve Jobs ya fito ya bayyana dalilin da ya sa iPhone ba za ta karɓi Flash ba. Abin ya yi ta ja da baya, har kamfanin Adobe ya rufe shi a ranar 31 ga Disamba 2020. Wasanni da yawa sai da masu sa kai suka yi ta ƙoƙarin ceto su.

A nan gida, Abiola Olaniran ya kafa Gamsole a Legas, ya yi suna da wasannin Windows Phone, aka sauke su sau miliyoyi a ƙasashe daban-daban. Ya yi dabara, don ya shiga kasuwar da ba cunkoso. Amma a 2017 Microsoft ya bayyana cewa ya daina ƙirƙiro sabbin abubuwa ga wannan tsarin waya. Kasuwar da kanta ce ta watse.

Sai na kusa-kusa. A ranar 12 ga Satumba 2023 Unity ya sanar da cewa daga Janairu 2024 zai fara karɓar kuɗi a kan kowane saukewa, har santi 20 na dala, ga wasannin da suka wuce wani mataki na kuɗin shiga da yawan saukewa. Masu haɗa gem a duniya suka yi ca. Kamfanin Re-Logic, masu wasan Terraria, ya ba Godot gudummawar dala 100,000. Shugaban Unity, John Riccitiello, ya sauka a Oktoba na shekarar. A Satumba 2024 kamfanin ya soke tsarin gaba ɗaya.

Kada wani ya ce na ce Unity ba shi da kyau. Da shi aka yi Among Us da Pokémon Go da Call of Duty Mobile, kuma kyauta ne ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala 200,000 a shekara ba. Abin da nake cewa shi ne, kayan aiki suna da masu su, kuma mai abu yana iya canja magana. Abin da ba wanda zai ƙwace maka shi ne fahimtar da ke kanka. Wanda ya gane zagayen nan na duba, lissafa, zana, in an rufe wannan inji gobe, cikin 'yan makonni zai saba da wani.

'YAN UWANMU NA AFIRKA

Wasu za su ce ai duk wannan labarin Turawa ne. To mu dawo gida. A 2007 Wesley Kirinya ya fitar da Adventures of Nyangi a Kenya. A 2009 shi da Eyram Tawia na Ghana suka kafa Leti, suna mayar da jaruman tatsuniyoyin Afirka irin su Ananse cikin wasanni. Ananse kuwa ɗan uwan Gizonmu ne. A 2012 Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a Legas, suka yi wasanni irin su Mosquito Smasher da Okada Ride da Whot King. ChopUp, wanda Zubair Abubakar yake cikin waɗanda suka kafa shi, ya yi wasan Danfo a kan motocin hayar Legas. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da Kiro'o Games sun yi shekaru suna fama da ɗaukewar wuta da neman jari kafin su fitar da Aurion a Afrilu 2016. A Yamai ma, nan maƙwabta, Mahaman Sani Housseyni Issa ya fitar da Les Héros du Sahel.

Ku lura da abin da yawancinsu suka fara da shi: sauro, acaba, kati, motar haya. Abin da ke ƙofar gida. Kuma mafi yawa a waya, don nan masu bugawa suke. Maliyo har suna da wasa mai suna Aboki Run. Ranar da na gan shi na daɗe ina tunani. Sunan daga harshenmu ya fito, amma a Legas aka haɗa shi. Ba laifinsu ba ne, sun yi aikinsu. Mu me muka hana kanmu?

DARASIN FATAKE

Garinmu Jega, tun a ƙarni na 19 babbar kasuwa ce, zango ne na fataken da ke bin hanyar Gwanja su sayo goro. Waɗannan mutanen sun san doki ya fi jaki kyau da gudu da daraja. Amma jakuna suke ɗora wa kaya, don tafiyar watanni ce, kuma jaki ne ke jure hanya da ƙarancin abinci. Hanya ce take zaɓar musu dabba. Haka nake so mu kalli maganar inji. Kafin ka tambayi wanne ya fi, tambayi kanka abu huɗu.

Na ɗaya, wace na'ura ce a hannunka yau? Ba wadda kake mafarki ba. Na biyu, nawa kake iya kashewa a data, kuma awa nawa kake samun wuta? Godot bai kai megabayit 200 ba, ba ya buƙatar girkawa, ana iya kwafe shi a filashi a ba aboki, kuma yana aiki babu intanet. Fayilolin fitar da wasa zuwa waya daban ake sauke su kuma sun fi nauyi, amma sau ɗaya ne, mutum ɗaya ya sauke ya raba wa sauran. Unity da kayan Android ɗinsa gigabayit da dama ne. Unreal kuwa, wanda aka yi Fortnite da PUBG Mobile da eFootball da shi, gomomin gigabayit ne, kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi sosai. Na uku, wa zai buga wasan? In abokanka ne na Maiyama da Aliero, to ƙananan wayoyin Android ne a hannunsu, masu cikakken wuri. Wasan da ya yi nauyi, shi za a fara gogewa ranar da ake neman wurin ajiye bidiyon biki. Na huɗu, me lasisin ya ce? Godot yana ƙarƙashin lasisin MIT, ba ka biyan kowa ko sisi komai ka samu. Unreal yana karɓar kashi 5 cikin 100 bayan wasa ya wuce dala miliyan 1.

Daga nan amsar takan fito da kanta. In waya kaɗai gare ka, GDevelop, wanda Bafaranshe Florian Rival ya ƙirƙira, yana da manhajar waya, kuma ba sai ka iya kod ba: kana jera sharaɗi ne da sakamako, in kaza ya faru a yi kaza. Godot ma yana da samfurin Android, sai dai ƙaramin allo yana wahalarwa. In yaro ne ɗan firamare ko ƙaramar sakandare, Scratch ya ishe shi. In kana da tsohuwar laftof irin tawa, Godot a wasannin shimfiɗe masu fuska biyu, yarensa GDScript yana kama da Python. In ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne kai kana son ka ga cikin abin, ɗauki ƙwarangwal: Pygame, ko LÖVE mai amfani da yaren Lua, ko Phaser na JavaScript wanda ake buga wasansa a burauza. Kada ka raina su, mutum ɗaya ne ya yi Balatro da LÖVE, ya fito a 2024 ya karaɗe duniya. In kuwa burinka aiki a kamfani, kuma na'urarka za ta ɗauka, koyi Unity da yaren C#, don kamfanonin wasannin waya da yawa da shi suke aiki.

Akwai wani abu da mai bidiyon YouTube ba zai gaya maka ba, don bai shafe shi ba: haruffanmu masu lanƙwasa. Ɓ da ɗ da ƙ. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai ka ga akwati ya fito a wurin harafi. Kafin ka yi nisa, rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya" a allon wasanka ka gani. Salon Noto na Google da Andika na SIL suna da su, kuma kyauta ne. In kana son ajami, Godot 4, wanda ya fito a Maris 2023, yana iya rubutun dama zuwa hagu.

DARA

To wane wasa za a fara da shi? Ƙanena cewa ya yi yana son irin Free Fire, amma a kasuwar Jega. Na yi dariya na ce masa ɗaruruwan ma'aikata ne ke bayan irin wannan. Na ja shi muka je gindin bishiyar da dattawa ke buga dara a unguwarmu.

Dara tamu ce. Littattafan Turawa da suka tattara wasannin duniya sukan ambace ta da sunanta, su danganta ta da Dakarkari, mutanen ƙasar Zuru, nan cikin jiharmu ta Kebbi. Zabarmawa suna ce mata dili. Gidaje 30 ne, layi 5 sau 6. Kowa yana da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Da farko ana zubawa ɗaya bayan ɗaya. In an gama, sai a fara matsawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku a layi ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Wanda 'ya'yansa suka kasa uku, an cinye shi.

Yanzu kalle ta da idon mai kod. Gidaje 30 lambobi 30 ne a jere: 0 in ba kowa, 1 in tsinke ne, 2 in tsakuwa ce. Sai tambayoyi uku da kwamfuta za ta riƙa amsawa. Wannan motsin ya halatta? An jera uku? Wasa ya ƙare? Shi ke nan. Ba ka buƙatar mai zane, ba ka buƙatar laftof mai tsada. Amma a ciki za ka koyi taɓa allo, da juyin wa ke da wasa, da ajiye sakamako, da sauti. In ka ƙara ƙwazo ka koya wa kwamfuta ta kara da mutum, ka taɓa tushen abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira.

A tsohuwar laftof ɗita muka yi, da Godot. Mako uku muka ɗauka, ranar da ba wuta mu zana a takarda. Da muka sa a waya muka kai wa wani dattijo cikin 'yan darar, ya buga sau biyu, ya ɗago ya dubi ƙanena ya ce: "Yaro, wagga dara taka ba ta san doka ba. Wa ya ce maka ana jera ukku tun wurin zubi?" Gaskiyarsa. Mun manta ba mu hana jera uku a lokacin zubawa ba. Dattijon da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba shi ya kama mana kuskuren farko, kuma a daren muka gyara. Da muka kai Aliero wasu suka ce su a wurinsu akwai ɗan bambanci a dokar ci, sai muka gane dole mu sa wurin zaɓar doka. Wannan ilimin ba ya cikin kowane inji, yana gindin bishiya.

In ka gama wasa, fitar da shi ma ba sai da kuɗi masu yawa ba. Za ka iya tura fayil ɗin APK ta WhatsApp ko Xender. Shafin itch.io kyauta ake ɗora wasa. Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple dala 99 duk shekara, don haka a bar iPhone tukuna. Kuma duk watan Janairu ana yin Global Game Jam, tun 2009, inda ake taruwa a haɗa wasa cikin awa 48. Ina ganin ba abin da zai hana ɗaliban Aliero su nemi ɗaki ɗaya da sola su shiga.

Ba zan yi muku ƙarya ba: kuɗi a wannan harka ba su da tabbas. Ana ba da labarin Markus Persson da ya fara Minecraft a 2009 da Java, Microsoft ya saya dala biliyan 2.5 a 2014. Ana ba da labarin Eric Barone da ya yi sama da shekara huɗu shi kaɗai kafin Stardew Valley ya fito a 2016. Waɗanda suka yi ba su samu komai ba sun fi yawa nesa ba kusa ba, su ba a ba da labarinsu. Shi ya sa ban yarda a sa adashen uwa a ciki ba tun kafin a gwada. Amma wanda ya iya haɗa dara ya koyi kod, kuma kod yana aiki a wurare da yawa bayan gem.

Ƙanena bai sayi waccan laftof ba. Ya sayi ta hannu mai sauƙin kuɗi da ƙaramin fawabank, ya ajiye saura don rajistar makaranta, adashen Inna kuma ya tafi inda ta yi niyya tun farko. Yanzu yana fama da wani wasan lodin buhunan albasa a mota, wai in ka yi lodi ba daidai ba motar ta kife. Har yanzu buhunan suna ratsa jikin motar su faɗo ƙasa, yana ta neman inda kuskuren yake.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya zaɓi wasa ɗaya da ya buga yana yaro, dara ko langa ko carafke ko 'yar gala-gala, ya rubuta dokokinsa a takarda ɗaya, yadda wanda bai taɓa gani ba zai gane. 'Yan mata, carafke da 'yar gala-gala ku kuka fi mu sanin dokokinsu, kada ku bar mana filin. Ku turo mana, tare da faɗin wace na'ura ce a hannunku, waya ko laftof. A shiri na gaba za mu ɗauki guda uku mu duba wane kayan aiki ya dace da kowanne.

Allah Ya sa mu dace, Ya yi wa neman kowa albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.